Ledar da Aka Rataye Min a Ƙofa

A goman farko na azumin bana maƙwabciyata Maman Walid ta shigo min da leda: shinkafa, ɗan mai, da kaza guda. Ta ajiye za ta juya na ce, “Tsaya tukuna. Tawa ce, ko ajiya ce?” Ta ce, “Taki ce mana, ɗan ihsani ne na azumi.” Na ce, “Ci zan yi, ko dafa wa wasu zan yi?” Ta dube ni ta ce, “Ikon Allah! Yau ga kyauta ta zama shari'a.” 'Yata Ihsan tana gefe tana ta dariya, wai Ummi ko kaza sai ta yi mata tambayoyi. Ban kula ta ba. Ita ba ta tuna komai ba don tana ƙarama sosai a lokacin, alhali har da bakinta aka ci kajin da suka jawo min wannan ɗabi'a.

Shekarar korona muna Kuala Lumpur, a unguwar Setapak, can saman wani dogon bene da ɗalibai suka cika. Mijina, Abban Ihsan, yana karatun digirinsa na uku. Ana dab da rufe gari aka kira shi cewa jikin mahaifinsa ya yi tsanani, ya tafi gida da niyyar ya duba shi ya dawo. Yana can aka rufe ƙasashe. Ƙauyensu kuwa gaba da Ringim yake, waya ba ta shiga sai in ya fito bakin titi. Aka bar ni daga ni sai yarinyar da ko karatu ba ta fara ba.

Bari in faɗa tun yanzu, tunda bakina ya riga ya saba da faɗa: ni ba na jin Turanci. Firamare na yi, sai Islamiyya. Ina karanta Hausa, ina karanta Alƙur'ani, kuma zaman da muka yi ya sa na tsinci Malayancin kasuwa, in na shiga kasuwar Chow Kit ina ciniki ba mai cutata. Amma matan da nake zaune a cikinsu malaman jami'a ne da matan malaman jami'a. In suna hira, Hausar kamar gishiri take a cikin miya, sauran duk Turanci. Shekara da shekaru ina cikinsu babu wadda ta gano ni. In an yi dariya in yi, in an yi tsaki in girgiza kai. Muna da guruf na matan Arewa a waya, shi ma na san dabararsa. In an turo rubutu sai in jira mata biyu uku su amsa, in ga hoton da suka sa, in babban yatsa ne in sa babban yatsa, in hannun addu'a ne in sa hannun addu'a. Abin da ya shige min duhu kuma in kai wa Abban Ihsan bayan an ci abinci ya warware min.

Abin da ya fi rufa min asiri shi ne wani tsari da na tarar a guruf ɗin, tun kafin zuwana aka kafa shi. Duk sanarwar da ta shafi kowa, sau biyu take fita: a rubuta da Turanci, sannan a bi ta da murya da Hausa. Anti Hauwa, wata 'yar Zariya mai sanyin magana, ita ke yin muryar. Ba a taɓa cewa don wance ake yi ba, doka ce kawai kamar yadda ake sallama kafin a shiga gida. Nakan shiga kicin in rage ƙarar wayar in saurara. Ban taɓa gode wa Anti Hauwa ba ko sau ɗaya, don godiyar ma tona kai ce.

Da aka rufe gari sai sanarwa ta yi yawa. Yau an ce mutum ɗaya ne zai fita cefane daga kowane gida, gobe an ce an killace wani layi, jibi an ce ga yadda za a yi da biza. Ana cikin haka aka yi wa Anti Hauwa aiki ta haihu, ta kwanta jinya. Sai shugabarmu, Dakta Zainab, ta turo murya. Na ji gajiya a cikinta, don ita ke bin asibiti, ita ke bin ofishin makaranta, ga nata yaran. Ta ce, “Jama'a, aikin nan ya yi mana yawa. Ina ganin mu dakatar da maimaita sanarwa da Hausa, tunda dai duk nan babu wadda ba ta jin Turanci. In kuma akwai wadda ba ta ji, don Allah ta yi magana, sai mu ci gaba.”

Wai ta yi magana! Ina zaune a bakin gado na riƙe waya. Na danna wurin ɗaukar murya, na saki. Na sake dannawa, na sake saki. Manyan yatsu suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, har da masu cewa ai dama ɓata lokaci ne. Da na ga sun taru, ni ma na tura nawa.

Da Abban Ihsan ya samu ya kira na ba shi labari. Sai na ji ya yi wata 'yar dariya ya ce, “Kin san abin da nake rubutu a kai ke nan? Akwai wani yanki a Turai, bakin teku, masu jin Italiyanci 'yan kaɗan ne a cikinsa. Amma doka ta ce allon titi da takardun hukuma dole su fito da harshe biyu, ba sai wani ya je ya roƙa ba.”

Na ce, “To sannu Dakta. Kana can kana ƙwato wa Italiyawa haƙƙinsu, matarka tana nan tana amsa abin da ba ta sani ba.”

Ya ce, “To ki yi musu magana mana.” Nan take ya ƙara da cewa, “Ko kuma ki bari, ki dinga turo min, in na fito titi ina fassara miki.” Daga yadda ya yi saurin kawo shawara ta biyun na gane shi ma ba ya so abokan karatunsa su ji. Kunyar ta mu biyu ce, ni ce dai nake ɗauke da ita.

A haka azumi ya kama. Zafin Kuala Lumpur ba irin namu ba ne, ba ya ƙona fata, lulluɓe mutum yake yi. Ka fito daga wanka kana gumi. Da hantsi gari ya yi tsit, titin da a da ba ya rabo da ƙarar babura sai ka ji kukan tsuntsu. Wajen la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin, a yi tsawa har gilashin taga ya amsa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. In ya ɗauke, turiri ya taso daga kwalta, shanyar da na yi a baranda ta koma tsami. Babu kasuwar buɗe-baki da muka saba zuwa mu yo tapau, wato abincin da ake ƙunshe wa mutum ya tafi da shi gida. Babu tarawi a masallaci. Ladan zai kira salla, kowa ya yi a ɗakinsa.

Alawus ɗin karatun Abban Ihsan ya maƙale, abin da ya bari kuma yana ta janyewa. Na fara auna shinkafa da kofin shayi. Gero babu, sai in jiƙa shinkafa in niƙa in dama kunu da tsamiyar da nake samu a kedai, ɗan shagon da ke ƙasan benenmu. Ƙosai na daina, don mai. Sahur shinkafa da ɗan manja da gishiri, buɗe-baki kunu da abin da ya ragu. Ƙwai ɗaya nake dafawa in ba Ihsan, ni in lashe cokali. Dab da magariba ƙamshin soye-soyen maƙwabta ya dinga shigowa ta taga, yarinya ta ja min zane tana cewa, “Ummi, makan, makan.” Ita abinci da Malayanci ta san shi. A guruf kuma ina ganin hotunan manyan kuloli cike da abinci ana ta sa albarka. Na ɗauka masu hali ne suke sadakarsu. Ban san an tsara girki ake yi gida-gida don ɗalibai gwauraye da aka rufe musu wuraren cin abinci ba, ana kai wa mace kayan, ita kuma ta dafa ranar da aka sa mata. Duk an yi bayanin, amma da Turanci.

Wata Litinin sai ga dogon rubutu daga Dakta Zainab, na hango sunana a tsakiya: Maman Ihsan. Na tura wa Abban Ihsan, saƙon ya tsaya bai shiga ba. Na sa a manhajar fassara, ta fito min da wata Hausa da ko aljani ba zai gane ba, abin da na tsinta kawai shinkafa da kaza da sunana. Na jira in ga abin da mata za su sa. Hannun addu'a suka yi ta turowa, wasu da babban yatsa. Na haɗa duka biyun na tura.

Washegari na buɗe ƙofa zan fitar da shara, sai ga ledoji an rataye a jikin ƙarfen ƙofar, wasu an jingine a ƙasa. Shinkafa, galan ɗin mai, albasa, tumatir, attaruhu, da kaji masu yawa har sanyin firji bai sake su ba. Wallahi a nan bakin ƙofa na durƙusa na fashe da kuka. Na ce ashe bayin Allahn nan sun san halin da nake ciki, sun san mijina ba ya nan, shi ne suka rufa min asiri ba tare da sun sa na roƙa ba. Na yi musu addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayensu.

Ranar na soya kaji, gidan ya ɗauki ƙamshin da ya manta. Ihsan ta ci har mai yana gangara mata a gwiwar hannu. Na ce abin da Allah Ya ba ka a azumi ba a ci kai kaɗai. Akwai wata 'yar Indonesiya a ƙofar da ke kallon tamu, aikin shara take yi a ofisoshi kuma an rufe su, na ɗebar mata shinkafa da mai da kaza. Na sauka na kai wa masu gadin bene. Na aika wa wata mai ƙananan yara a hawan ƙasa da mu. Ina rabo ina jin kaina wata Hajiya. Abin da ya ragu na tura can cikin firji, na ce wannan sai Salla.

Ranar Alhamis da yamma ana tsuga ruwa, magariba ta kusa, na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na leƙa, Malam Nura ne, abokin karatun Abban Ihsan da ke zaune a benenmu, magidanci mai kunya. Ya sa takunkumi, rigarsa ta jiƙe, ga manyan kuloli ya jero a gabansa.

Ya ce, “Sannu da aiki, Maman Ihsan. A zuba mana, masu babur suna ƙasa suna jira.”

Na ce, “A zuba me, Malam?”

Ya ce, “Abincin ɗalibai. Ai yau ke ce da girki.”

Ya ɗaga kai ya dubi bayana, kicin a share, babu tukunya a wuta sai ɗan kununa a kofi. Daidai nan Ihsan ta fito daga ɗaki da cinyar kaza a hannu tana gatsa. Ya dube ta, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige ban waiwayo ba. Ya ce, “Ba komai, Allah Ya sa haka ne mafi alheri.” Ya tattara kulolinsa, ina jin su suna karo da juna fayau har ya shiga lif.

Ranar 'ya'yan mutane da ruwa da dabino suka sha ruwa, masu sa'a suka dafa taliyar leda. Ni kuwa kunun nawa a kofi ya kwana.

Kafin isha guruf ya kama da wuta. Abin da ba zan manta ba, faɗan da Hausa aka yi shi. Hausar da aka ce ɓata lokaci ce, ranar ta dawo tangaram, babu kalmar da ta wuce ni. Wata ta ce, “Abincin masu azumi mutum ya danne? Ina tsoron Allah?” Wata ta ce, “An gan ta tana rabo a bene kamar kayan ubanta.” Wata ta ce dama shiru-shirun nan nata ba na Allah ba ne. Dakta Zainab ta kira ni ita kaɗai, muryarta a sanyaye. Ta ce, “Maman Ihsan, kin ga saƙon kuwa?” Na ce na gani. Ta ce, “Kin kuma amsa.” Na ce na amsa. Ta ce, “To me ya faru? In matsi ne ki gaya min, ni zan san abin da zan ce musu.” Ga ƙofa ta buɗe min, in ce yunwa ce, a tausaya min a wuce wurin. Na ƙi bin ƙofar, ta gaji ta kashe.

Washegari Juma'a na wuni ina jujjuya abin. Suna biyu ne a gabana, ɓarauniya ko jahila, dole in ɗauki ɗaya. Kuma ku ji rashin hankali, wallahi sai da na daɗe ina ganin kamar na farkon ya fi sauƙin ɗauka. Abin da ya karya ni tunanin Ihsan ne, a ce wata rana a nuna ta a ce uwarta ce ta cinye abincin masu azumi. Da la'asar, hadari yana haɗuwa, na shiga kicin inda na saba ɓuya in saurari Anti Hauwa, na danna na riƙe.

Na ce, “Assalamu alaikum. Ni ce Maman Ihsan. Ban danne abincin kowa ba. Na ɗauka taimako aka kawo min, na ci, na rabar. Saƙon da aka rubuta ban san abin da ya ce ba, don ni ba na jin Turanci. Ban taɓa ji ba. Duk amsar da kuka ga ina bayarwa, taku nake kwaikwaya. Ranar da aka ce mai buƙatar Hausa ta yi magana, kunya ce ta hana ni. Ku yafe min, ɗaliban ma a roƙa min su.”

Na saki, ya tafi. Na ga alamar ana ta saurara har aka kira magariba. Bayan an sha ruwa Dakta Zainab ta turo murya tana kuka, ta ce laifinta ne, bai kamata ta sa mutum ya ɗaga hannu a gaban jama'a kafin a ba shi abin da dama nasa ne ba. Ta ce daga yau an dawo da sanarwa biyu. Masu zagi suka bi layi suna ba da haƙuri. Aka sake kawo kaya, na yi wa ɗaliban dambun shinkafa da miyar da sai da suka aiko a gaishe ni.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sanarwa ta gaba da ta fito, wata mai barkwanci a cikinmu ta karɓi aikin muryar. Ta buɗe baki da fara'arta ta ce, “To, ga na Maman Ihsan!” sannan ta karanto. Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Amma ji na yi kamar an fizge min mayafi a tsakiyar kasuwa. Ta gaba ma haka, ta gaba da ita ma haka. Sanarwar dokar hana fita ce, ga na Maman Ihsan. Rasuwa aka yi a gida, ga na Maman Ihsan. Na roƙi Dakta Zainab a mayar da abin yadda yake a da, ba na kowa ba. Ta ce to, ta kuma yi magana, amma baki ya riga ya saba.

Abin da ya fi ƙona min rai, a cikin satin nan mata biyu suka kira ni a ɓoye. Kowacce ta ce, “Allah Ya saka miki, wallahi ni ma ba ji nake ba. Amma don Allah ki rufa min asiri.” Ɗaya daga cikinsu har da ita a masu cewa ina tsoron Allah. Na ce, “Au, ni ce mai fuskar shan kunya ko?” Ta ce, “Ke ai kin riga kin fita.” Na rufa musu, har yau ban faɗi sunansu ba. Suna sauraron Hausarsu a kicin hankali kwance, da sunana a kai.

Da Abban Ihsan ya dawo bayan an buɗe hanya, bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Ya gama karatunsa muka tattaro muka dawo Kano, na fita daga guruf ɗin tun a filin jirgi.

To a satin da Maman Walid ta kawo min ledar nan, sai ga kiran Fa'iza, 'yar yayata da aka kai ta Kuala Lumpur bara, mijinta yana karatu. Ita da Ummi take kirana kamar Ihsan, kuma a dangi ba wanda ke ce min Maman Ihsan, sunan can ne. Muna hirar azumi da ruwan la'asar sai ta ce, “Ummi, kin san wani abu? A guruf ɗin matanmu duk sanarwa sai an maimaita da Hausa. Kuma kullum sai mai karantawa ta fara da cewa ga na Maman Ihsan. Na tambaya wace ce, an ce wata ce da ta taɓa zama a nan, ba wanda ya san ta. Lokacinku akwai ta?”

Na ce, “Akwai ta.”

Ta ce, “Ko wace ce, Allah Ya yi mata albarka.” Sai ta rage murya, na ji ta ja ƙofa, na san kicin ta shiga. Ta ce, “Don da ba don ita ba, wallahi ban san me ake ciki ba. Turancin nasu gudu yake min. Amma Ummi, don Allah kar ki gaya wa kowa.”

Na ce mata ba zan gaya wa kowa ba. Ita ma ban gaya mata ba.